Mai neman auren ƙanwata yana ɗauke da HIV kuma yana shan magani: a ɗaura ko a dakata?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da malamai a kan wani al'amari da ya shafi gidanmu, kuma ina roƙon a yi mini uzuri da ban ambaci sunan kowa ba, domin sirri ne da aka ba ni amana.

Ƙanwata bazawara ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, kuma da yake mahaifinmu ba ya raye, ni ne waliyyinta. Wani bawan Allah mai fataucin hatsi tsakanin arewa da Kumasi ya fito neman aurenta. Mun san gidansu, mun san halinsa, yana da mace ɗaya da 'ya'ya, kuma ba a taɓa jin sa da wani abin assha ba. Kafin ya turo magabatansa sai ya zaunar da ita ya shaida mata cewa yana ɗauke da ƙwayar HIV, cewa ya daɗe yana shan magani, kuma likitocinsa sun ce ƙwayar ta yi ƙasa a jininsa har na'ura ba ta iya ganinta, saboda haka ba zai sa mata ba. Ya ce uwargidansa ta sani, ana gwada ta lokaci zuwa lokaci ba a samun komai, yaran da ta haifa bayan an gano cutar kuwa lafiyarsu ƙalau. Ya ba ƙanwata izinin ta gaya mini, ni kaɗai.

Ita hankalinta ya kwanta da shi, tana cewa mutumin da ya iya faɗin wannan magana alhali yana da ikon ɓoyewa ya cancanci a yarda da shi. Ni kuwa na taso ne a shekarun 1990, lokacin da idan aka ce wane yana da ƙanjamau sai 'yan uwa su fara shirin likkafani, kuma abin da idona ya gani a wancan lokaci bai bar zuciyata ba. Ba na son in hana ta mijin kirki saboda jahilcina, kuma ba na son in miƙa uwar marayu biyu ga abin da zai halaka ta.

Abin da nake son sani shi ne, shin gaskiya ne mai shan magani ba ya sa wa matarsa, ko kuwa magana ce ta kwantar da hankali? Idan Allah ya ba su haihuwa, mene ne makomar yaran? Sannan a matsayina na waliyyi, wajibi ne in sanar da mahaifiyarmu da baffanninmu kafin a sa rana, ko in riƙe amanar kamar yadda aka ba ni?

Ungozoma daga Tafo ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, ina aiki a sashen awon ciki a nan Kumasi, kuma wannan tambaya tana zuwa mana fiye da yadda jama'a ke zato. Maganar da mutumin ya faɗa gaskiya ce a ilimin likitanci, amma tana da sharaɗi, kuma sharaɗin abu ne da ake iya gani a takarda.

HIV tana shiga cikin wasu ƙwayoyin jini masu tsaron jiki da ake kira CD4, ta hayayyafa a cikinsu tana kashe su sannu a hankali. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da muke amfani da shi, kuma sai sun sauka ƙasa da 200, ko wasu cututtuka masu tsanani sun samu ƙofa sun shiga jiki, sannan ake cewa mutum ya kai matakin ƙanjamau. Wannan matakin ne ka gani a ƙuruciyarka, domin an fara samun cutar a Gana a 1986, amma maganin danne ta bai shigo asibitocin gwamnati ba sai a 2003, inda aka fara a yankin Manya Krobo kafin ya iso Korle Bu da Komfo Anokye. Tun daga 2016 ba a jiran jiki ya raunana, da zarar an tabbatar mutum yana ɗauke da ita ake ɗora shi a kan magani. A yau yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kuma ba a sayar musu da ita a asibitocin gwamnati. Maganin ba ya fitar da cutar daga jiki, hana ta hayayyafa yake yi, kuma a mafi yawan mutane cikin wata shida yawanta a jini yakan sauka har na'urar awo ta kasa ƙidaya ta.

Batun ko irin wannan mutum yana sa wa matarsa an bincike shi a kan ma'aurata na zahiri. Wani babban bincike mai suna HPTN 052, wanda ya bi ma'aurata fiye da 1,700 a ƙasashe tara, ciki har da Malawi da Zimbabuwe da Kenya da Afirka ta Kudu, ya nuna a 2011 cewa fara magani da wuri yana rage yaɗuwa tsakanin miji da mata da kashi 96 cikin ɗari, kuma da aka kammala shi ba a samu ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zamansa ba a lokacin da maganin ya riga ya danne ƙwayar. Wani binciken na Turai mai suna PARTNER, wanda aka wallafa a 2016, ya ƙidaya saduwa kusan 58,000 ba tare da kwaroron roba ba tsakanin waɗanda ɗaya yana ɗauke da ita yana shan magani, ɗayan kuma ba shi da ita, kuma babu ko guda da aka samu ya kamu daga abokin zamansa. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya cewa wanda ƙwayar ba ta ganuwa a jininsa, kuma yana ci gaba da shan maganinsa yadda aka tsara, ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Iyakar da binciken PARTNER ya yi aiki da ita ita ce ƙwayar cutar ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini.

Saboda haka kada ku tsaya a kan maganar baki, gani ya kori ji. Ƙanwarka ta nemi ya raka ta asibitin da yake karɓar magani, ya ba ma'aikatan izini su yi mata bayani a gabansa, ta ga sakamakon awon yawan ƙwayar cuta na baya-bayan nan da waɗanda suka gabace shi, domin sakamako ɗaya yana nuna rana ɗaya ne, jerin sakamako na shekaru kuwa yana nuna halin mutum da maganinsa. Idan na ƙarshen ya daɗe, a nemi a sake ɗibar jini kafin a sa rana. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba.

Ita ma wajibi ne ta yi nata gwajin, kuma ba zargin kowa nake yi ba. Duk wanda ya taɓa aure ya kamata ya san matsayinsa kafin ya shiga wani. Gwajin ɗigon jini na yatsa yana ba da amsa cikin kusan minti ashirin, sai dai yana iya ɗaukar har kwana 90 bayan kamuwa kafin ya nuna, wanda hakan ba matsala ba ne ga wadda ta daɗe da gama takaba. Ba a yanke wa mutum hukuncin cewa yana da ita da gwaji ɗaya, sai gwaji uku daban-daban sun yi ittifaƙi. Su haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B da tunjere da na sikila a tafiya ɗaya, domin ciwon hanta ya fi HIV saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, yana da yawa a cikinmu, kuma yana da allurar rigakafi.

Game da haihuwa, cutar ba ta tsallakawa daga uba kai tsaye zuwa ga jariri. Ta jikin uwa take bi, a lokacin ciki ko naƙuda ko shayarwa. Muddin uwar ba ta kamu ba, yaron ba zai kamu ba, kuma shi ya sa muke sake gwada irin wannan uwa a cikin watannin ciki da lokacin goyo. Idan kuma zuciyarta tana son ƙarin kariya, akwai ƙwayar rigakafi da marar cutar ke sha kullum, wadda muke kira PrEP, ga kuma kwaroron roba a lokacin da ba haihuwa suke nema ba.

Ra'ayina, wanda zan faɗa ba tare da kewaye-kewaye ba, shi ne cewa haɗarin da nake ji wa matan zangonmu ba daga irin wannan mutum yake zuwa ba. Ƙiyasin Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Gana na 2023 ya nuna mutum fiye da 330,000 ne ke ɗauke da ita a ƙasar nan, mata sun fi maza yawa sosai, kuma da dama ba su san suna da ita ba. Matan da nake samu da ita a wurin awo, yawancinsu mazan da ba su taɓa gwaji ba ne suka aure su, kuma babu waliyyin da ya tsaya tambaya a lokacin.

Dattijo daga Sabon Zango ya amsa:

Ɗana, na karanta tambayarka, na kuma karanta bayanin malama ungozoma, Allah ya saka mata da alheri. Ban isa in musa ilimin likitoci ba, amma akwai abin da nake so ka auna kafin ka ba da aure.

Duk wannan aminci da aka bayyana a rataye yake da abu ɗaya, wato mutumin nan ya haɗiyi ƙwaya kowace rana har iyakar rayuwarsa. A fahimtata cutar tana nan kamar garwashin da aka rufe da toka, ranar da aka daina rufewa za ta tashi. Ka ce bafatake ne. Mai fatauci yakan fita da niyyar kwana uku a Tamale ko Bolga ko Bawku, mota ta lalace ko ciniki ya riƙe shi ya yi mako biyu. Ɗan Adam yana mantuwa, yana gajiya, kuma idan ya ga jikinsa ya yi kyau yakan yi sakaci. Bayan haka maganin kansa ba a hannunmu yake ba. Mun ji yadda magunguna da kayan lafiya da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya bayar suka maƙale wata da watanni a tashar jiragen ruwa ta Tema a 2023 zuwa 2024, mun kuma ji yadda Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025. Idan wata rana aka je asibiti aka ce babu, wa zai ɗauki alhakin yarinyar nan da marayunta?

Ban ce ka hana ba. Amma ina ganin nauyin ya fi ƙarfin kanka kai kaɗai, kuma a al'adarmu ba a ɗaura aure a bayan idon uwa a kan magana mai girma irin wannan. Idan abin ya fito daga baya, mahaifiyarku za ta ce kun sani kuka rufe ta, kuma wannan ɓacin rai ba ya gyaruwa da sauƙi.

'Yar Asawase ta amsa:

Yaya Ɗan Aboabo, ni ina ɗauke da wannan ƙwaya, kuma ina rubuto maka ne domin ka ji daga bakin wadda abin yake jikinta. A wurin awon cikina na biyu aka gano. Mijina ya yi gwaji ba shi da ita, kuma har yau ba shi da ita. An ɗora ni a kan magani a ranar, an ba jaririyar nata maganin na ruwa bayan haihuwa, na shayar da ita nono zalla wata shida kamar yadda aka umarce ni, an ɗibi jininta tana da mako shida, aka sake bayan yaye, duk ba a samu komai ba. An gaya mini cewa idan ba a yi komai ba, tsakanin yara 15 zuwa 45 cikin ɗari na iyaye mata masu cutar suna kamuwa, da magani kuwa abin yakan sauka ƙasa da biyar. Yarinyar tana makaranta yanzu. Ina sana'ata, ina azumina, domin ƙwaya ɗaya ce kuma da shawarar asibiti na mayar da shanta bayan sallar isha'i, don haka watan Ramadan bai taɓa ta ba.

Baba na Sabon Zango, ina girmama maganarka, amma a kan sanar da dangi ina roƙon a saurare ni. Ciwon bai taɓa kwantar da ni ba, bakin mutane ne ya kusa kashe ni. Wata 'yar uwa ɗaya aka gaya wa, don neman addu'a, kafin wata ya zagayo maganar ta gama gidan haya da muke zaune. Aka ware mini kofi da bokiti, aka hana yara shiga ɗakina, masu sayen kokona na safe suka watse, ba don kokon ya canza ba. Alhali wannan cuta ba ta bin kwano ko kofi ko bayan gida ko musafaha ko cizon sauro. Sai da muka bar unguwar. Kuma abin da ya fi tsoratar da ni shi ne na san mata da suka daina zuwa karɓar magani don kada a gan su a layi, wasu suna hawa mota zuwa wani gari mai nisa su karɓa, ranar da babu kuɗin mota sai su zauna. Wato tonon asirin shi ne yake jawo daina shan maganin da Baba yake tsoro. Gidan fatauci kuma da amana yake tafiya, idan maganar nan ta shiga kasuwa, ba mutumin kaɗai za a karya ba, har da uwargidansa da 'ya'yansa mata da za su nemi miji gobe.

Dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta 2016, mai lamba 938, ta kare sirrin mai ɗauke da cutar, ta kuma hana a nuna masa wariya. Amma kafin doka akwai amana. Shi ya ce kai kaɗai. Idan kana ganin lallai sai Hajiya ta sani, ka koma wurinsa ka nemi izini, ku zauna ku uku ku yanke yadda za a faɗa mata da wanda zai faɗa, kuma zai fi kyau a samu ma'aikaciyar lafiya a wurin domin ta amsa tambayoyinta nan take. Baffanni kuwa ban ga abin da ya kai su ciki ba. A asibitoci da yawa akwai masu ɗauke da cutar da aka horar suna taimaka wa sababbin shiga, ƙanwarka ta nemi zama da ɗaya daga cikinsu, za ta ji abubuwan da likita ba shi da lokacin faɗa.

Abu ɗaya nake so ta sa wa ido idan auren ya tabbata. Za a samu masu kawo masa sassaƙe da jiƙo da ruwan addu'a suna cewa an warke, a ajiye maganin bature. Addu'a muna yi dare da rana, amma duk wanda ya ce a ajiye ƙwayar nan, kabari yake nuna wa mutum, kuma na halarci jana'izar waɗanda suka saurare su.

Malamin makarantar allo daga Yalwa ya amsa:

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malam, ɓangaren lafiya masu shi sun yi bayani, ni zan taɓa abin da ya shafi hukunci gwargwadon abin da na karanta.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi magana a kan aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure, kamar hauka da kuturta da albaras, kuma sun sharɗanta cewa zaɓin yana tabbata ne ga wanda bai san aibin ba kafin ɗaurin aure. Wanda aka sanar da shi ya yarda, aurensa ingantacce ne. Wannan bawan Allah ya yi abin da shari'a take nema gare shi, ya bayyana kafin a ƙulla, kuma da ya ɓoye da ya yi ha'inci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan cuta a Abu Dhabi a 1995, ta ce ba wajibi ba ne a killace mai ɗauke da ita tunda ba ta yaɗuwa ta zaman tare na yau da kullum, ta haramta sa wa wani da gangan, ta kuma ba mace haƙƙin neman rabuwa da mijin da ya kamu. An yanke wannan ne tun kafin a samu maganin da ake magana a kansa yanzu. Ƙa'idar ita ce babu cuta babu cutarwa, kuma masu tantance ko cutarwa tana nan ko ta kau su ne likitoci amintattu.

Sannan ka tuna cewa ƙanwarka bazawara ce, kuma hadisi ingantacce ya nuna cewa bazawara ta fi waliyyinta haƙƙi a kan kanta. Aikinka shi ne ka tabbatar ta san abin da za ta shiga da cikakken sani, ba soyayya ko ƙuncin zawarci ne ke ja mata ido ba, ka kuma sa sharuɗɗan da za su kare ta. Ya halatta a sharɗanta masa ci gaba da magani da nuna mata sakamakon awo, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Idan ta ga komai ta ce ta fasa, babu laifi a kanta, kuma sirrinsa yana nan a wuyanku har abada. Idan ta ce ta yarda, ban ga hujjar da za ka hana ba.

Ina kuma kira ga 'yan uwana limamai masu ɗaura aure a zangonninmu da su riƙa neman gwaji daga ango da amarya baki ɗaya, saurayi ne ko mai ƙarin aure. Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024. Mu a nan ba mu da irin wannan doka, amma limami yana da bakin da ake ji, da sharaɗin sakamakon ya tsaya tsakanin masu auren biyu, kada ya zama abin karantawa a gaban taro.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da mutumin, ya amince su je asibitinsa tare da ita, kuma ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara da uwargidansa a kan batun sanar da mahaifiyarmu. Malama ungozoma, maganar Baba ta tsaya mini a rai. Idan ya yi tafiya maganin ya yanke masa, kwana nawa ne kafin haɗari ya dawo, kuma me ƙanwata za ta yi a ranar da ta gane hakan ya faru?

Ungozoma daga Tafo ta sake amsawa:

Tambayar Baba tana kan hanya, kuma ita ce muke fama da ita kullum a wurin aiki. Mantuwar kwana ɗaya ba ta rushe komai, mutum ya sha da zarar ya tuna ya ci gaba kamar yadda ya saba. Amma idan aka daina gaba ɗaya, ƙwayar takan fara dawowa cikin jini a mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ta ɗan fi haka, kuma mutum ba ya jin komai a jikinsa da zai gargaɗe shi. Yawan tsallake-tsallake kuma yana iya sa ƙwayar ta bijire wa maganin, har a koma neman wani.

Matafiya suna da mafita. Wanda awonsa ya nuna cutar ta kwanta ana iya ba shi maganin wata uku, wani lokaci har shida, a karɓa ɗaya, don haka ya faɗa wa asibitinsa irin sana'arsa. Ya riƙa tafiya da abin da ya fi kwanakin da ya yi niyya, a aljihunsa ko jakar hannu, ba a cikin kayan da za su bi wata mota ba, ya kuma riƙe katinsa, domin idan ya yanke masa a Tamale ko Bolga zai iya shiga asibitin da ke ba da wannan magani ya nuna katin ya nemi a taimaka masa. Batun ƙarancin magani a ƙasa kuwa damuwa ce ta gaske, kuma abin da iyali za su iya yi shi ne kada su jira kwalba ta ƙare kafin su koma karɓa.

Idan ta gane ya yi kwanaki bai sha ba, su koma amfani da kwaroron roba nan take, ya koma asibiti, kuma kada su ajiye robar sai sabon awo ya nuna ƙwayar ta sake kwanciya. Idan kuma an riga an sadu a cikin wannan tsakani, akwai maganin gaggawa da muke kira PEP, wanda ake sha kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a ranar farko da a rana ta uku. Kada ta tsaya jiran wayewar Litinin, ta tafi sashen gaggawa ko da dare ne. Ga matar bafatake ni ina ganin PrEP ta dace, aƙalla a shekarar farko, har ta san halinsa da maganinsa da idonta, kuma uwargidan ma tana da haƙƙin a ba ta wannan zaɓi, tunda duk abin da ya sami ɗaya a gidan kishiyoyi yana iya kaiwa ga ɗayar.

Ƙanwarka ta kuma san cewa dolutegravir, ɗaya daga cikin magunguna ukun da ke cikin ƙwayar da yake sha, ba ya shiga jiki yadda ya kamata idan aka haɗa shi da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ko na ƙarin ƙarfin ƙashi, ko ruwan maganin gyambon ciki da ake saya a kemis, sai an raba lokutan shansu yadda asibiti za su tsara masa. Haka nan idan tari ya kama shi ya ƙi tafiya, ko zazzaɓi da gumin dare da rama, a gwada shi tarin fuka ba tare da jinkiri ba, domin shi ne ya fi kashe masu ɗauke da HIV, kuma ɗaya daga cikin magungunansa yana sa a ƙara yawan dolutegravir da mutum ke sha. Ranar da za su je, ta rubuta tambayoyinta a takarda tun daga gida, ta kuma nemi lambar wayar sashen domin irin wannan rana.